Zomo Mai Kwantaccen Kunne: A Duba Kafin A Saya

Wanda ya zaga lungunan Tudun Wada, a birnin Sakkwato, ya leƙa bayan gidaje, ba zai rasa ganin kejin zomaye ba, wani na katako da waya, wani na tubali an rufa masa tsohon kwano. Samari ne suka fi yin kiwon, amma akwai magidanta a ciki, har da ma'aikatan ofis masu neman abin da zai tallafi albashi. Dalilin kuwa a fili ya ke. Zomo ba ya cin wuri, harawa da dusa da ganyen lambu sun ishe shi. Zomanya cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, ta kan zuba 'ya'ya shida zuwa takwas, in ta sami kulawa kuwa ta yi haka sau huɗu ko biyar a shekara.

Galibin zomayen nan masu tsayayyen kunne ne, jikokin fararen New Zealand da Chinchilla da makamantansu da suka gauraya. Amma akwai wani iri mai ɗaukar idon masu saye, wanda kunnuwansa suka zubo ta gefen fuska suna reto. Mutumin ƙasar nan ya saba ganin rago Uda ko Balami da dogon kunne, ya san darajarsu a kasuwar Kara. Da ya ga zomo da irin wannan kunne sai ya ce ai wannan shi ne babban iri. To, kafin a zura hannu cikin aljihu, ya kamata a san abin da ke cikin kunnen nan tukuna.

ASALIN IRIN

Da farko dai a sani, zomon gida da zomon daji na ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne. Na daji, wanda mafarauta ke kora da karnuka, a sarari ya ke haihuwa, 'ya'yan su fito da gashinsu, idonsu a buɗe. Na gida kuwa asalinsa ƙasashen Sifen da Fotugal, mai haƙa rami ne, 'ya'yansa tsirara su ke zuwa, ido a rufe har wajen kwana goma. Kakanninsa duk kunnuwansu a tsaye su ke. Kwanciyar kunne daga baya ta zo, mutane ne kuwa suka raine ta.

Cikin ƙarni na 19 masu kiwon zomo don sha'awa a Ingila suka riƙa zaɓen waɗanda kunnensu ya fi tsawo da nauyi suna haɗa su, suna kai su gasa, har suka sami irin da su ke kira Lop. Wajen 1850 mutanen Faransa suka haɗa shi da manyan zomaye, suka fitar da nasu mai jiki. Holan kuma ta fitar da ɗan ƙarami na ado, wanda aka amince da shi a 1964. Gasar tsawon kunne ba ta mutu ba, don a 2003 an auna wani a Amurka, daga bakin wannan kunne zuwa bakin wancan inci 31, watau santimita 79.

Tun 1868 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, ya rubuta abin da ya gani da ya auna ƙoƙon kan waɗannan zomaye. Ya tarar wanda kunnensa ɗaya ya kwanta ɗaya na tsaye, ƙashin kansa ma ya karkace, sashen nan bai yi daidai da wancan ba. Ashe ke nan abin bai tsaya ga fata ba, ya taɓa har ƙashi.

AIKIN DA KUNNE KE YI WA ZOMO

Aiki na farko shi ne ji. Zomo ba shi da ƙaho, ba shi da haurun faɗa, kunne da gudu su ne makamansa. Mai tsayayyen kunne ya kan juya kowane kunne shi kaɗai, ɗaya gabas ɗaya yamma, ya ji motsin kyanwa tun ba ta iso ba. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, ga zomo kuwa maganar a zahiri ta ke.

Na biyu, wanda ya fi shafar Sakkwato, shi ne rage zafin jiki. Zomo ba ya zufa kamar mutum ko doki. In aka ɗaga kunnensa wajen hasken rana za a ga jijiyoyin jini sun yi rassa kamar ganye. In zafi ya yi sai jijiyoyin nan su buɗe, jini ya cika su, iska ta sanyaya shi, ya koma cikin jiki. Kunnuwan babban zomo su kan kai kamar kashi 12 cikin 100 na faɗin fatar jikinsa duka. Zomo ya kan fara wahala in ma'aunin zafi ya wuce digiri 30, a Sakkwato kuwa cikin Afrilu da Mayu ya kan haura 40. Kunnen da ya kumbura, ko ɓawon ciwo ya rufe shi, ba zai yi wannan aiki yadda ya kamata ba.

Na uku, can cikin kunne ne a ke daidaita tsayuwar jiki. In wurin ya taɓu sai jiri ya kama dabba.

YADDA CIKIN KUNNEN YA KE

A ɗauki kunnen zomo kamar mazurari. Ganyen kunne, wanda kowa ke gani, shi ne bakin mazurarin. Daga gindinsa wani bututu ya gangara ƙasa, sa'an nan ya ɗan karkata ya shiga kai. Bututun nan na guringuntsi ne, gaɓa bisa gaɓa, fata ta shimfiɗe cikinsa, ita ce ke fitar da dauɗar kunne. A ƙarshensa dodon kunne ya ke, wata 'yar fata marar kauri da ta rufe hanya kamar fatar kalangu.

Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki cikin ƙashi, bai fi ƙwayar gujiya girma ba, iska ce a cikinsa da waɗansu 'yan ƙasusuwa uku masu miƙa sauti gaba. Wata 'yar siririyar hanya ta haɗa ɗakin nan da bayan hanci da maƙogwaro. A riƙe wannan, za a dawo gare shi. Can ƙurya kuma sai kunnen ciki, inda jijiyar ji da ma'aunin tsayuwa su ke. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta nan kusa ta bi.

Ga zomo mai tsayayyen kunne, gaɓoɓin guringuntsin nan sun kama juna sosai, bututun a miƙe ya ke, a buɗe. Iska na shiga, dauɗa kuma tana fitowa da kanta a hankali, ya sa ƙafa ya share. Ga mai kwantaccen kunne kuwa, akwai ɗan rata tsakanin gaɓoɓin, 'yan milimita kaɗan, inda babu guringuntsi sai fata. A nan ne kunnen ya karye ya zubo. Duk manomin rani da ya taɓa ban-ruwa a fadamar Rima ya san abin da ke faruwa in tiyo ya lanƙwashe: ruwa ya tsaya, bayan lanƙwasar ya kumbura. Haka bututun kunnen nan ya ke. Dauɗa na taruwa a ƙasan lanƙwasar, ba hanyar fita, ga ɗumi, ga laima, ba iska. Ƙwayoyin cuta ba abin da su ke so kamar wannan.

Wannan ba zato ba ne. A 2019 masu bincike na Kwalejin Likitan Dabbobi ta Landan suka wallafa rahoton zomaye 30 da suka duba, masu kwantaccen kunne 15, masu tsayayye 15. Suka tarar matsewar bututu, da tarin dauɗa, da jan fata, da alamar jin zafi in an taɓa, duk sun fi yawa nesa ba kusa ba ga masu kwantaccen kunnen. A wani binciken da aka wallafa a 2023 kuma an tambayi masu zomaye fiye da 500 a Birtaniya, aka ga kamar ɗaya cikin huɗu na masu kwantaccen kunne likita ya taɓa samunsu da ciwon kunne, masu tsayayye kuwa kamar ɗaya cikin goma. Da yawansu kuma ba su ji sosai, shi ya sa a kan gan su shiru-shiru, mai saye ya ɗauka sanyin hali ne.

CIWO NA FARKO: ƘAZUWAR KUNNE

Wannan shi ne ya fi damun masu kiwo a ƙasar nan, ba kuwa ruwansa da irin kunne, kowane zomo ya kan kamu. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo shi, ɗan'uwan kaska, ƙanƙane ƙwarai, bai kai milimita ɗaya ba. A cikin kunne ya ke zama, nan ya ke ƙwai. Daga ƙwai zuwa babba kamar mako uku ne. In ya faɗo cikin keji kuma ya kan iya rayuwa har kusan mako uku yana jiran wani zomon.

Ga yadda abin kan faru. Mai kiwo ya sayo namiji mai kyau, ya kawo gida da murna, ya jefa shi cikin mata ran nan. Bayan 'yan makonni sai ya ga zomanya ɗaya tana kaɗa kai, tana susar kunne da ƙafar baya har jini. In ya leƙa zai ga ɓawo ja-ja ko mai ruwan ƙasa a can gindi. In aka bar shi sai ya yi ta hawa, falle bisa falle, har ya cika kunnen, ya yi wari, ya yi nauyin da zai kwantar da kunnen da a da ke tsaye. Uwa ta shafa wa 'ya'yanta tun suna cikin akwati, ta rage cin abinci, nono ya ragu, 'ya'yan su tsumbure. Ga mai kwantaccen kunne illar ta fi, don ganyen ya rufe wurin, ba a gani sai abu ya yi nisa.

Mai son tabbatarwa ya ɗauki ɓawon da ya faɗo da kansa, ya aza bisa baƙin ƙyalle a wuri mai ɗumi, ya zuba ido. Zai ga 'yan farare kamar garin gero suna motsi.

Babban kuskuren da a ke yi shi ne ɓamɓare ɓawon da tsinke. Ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne, zafinsa ba kaɗan ba, jini kuma zai zuba. Ba a bukatar haka. In ƙwarin suka mutu ɓawon zai zube da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.

Maganin da ya fi shi ne allurar aibamaktin, wadda masu shanu da tumaki suka fi sani da sunan Ivomec. Ta shiga kasuwa a 1981, waɗanda suka gano ta kuma, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun sami lambar Nobel a 2015. A kan yi ta ƙarƙashin fata, a sake bayan mako biyu, wani lokaci har sau uku, domin ba ta kashe ƙwai, sai an jira sun ƙyanƙyashe. Amma a lura, kwalbar da a ke sayarwa don shanu aka haɗa ta. Rabon zomo mai kilo biyu bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba, saboda haka a bar wa ma'aikacin dabbobi awon. A tambaye shi kuma kwanakin da za a jira kafin a yanka zomon da aka yi wa allura.

Inda allura ta yi wuyar samu, 'yan ɗigon man gyaɗa mai tsabta su kan shaƙe ƙwarin, su tausasa ɓawon, muddin ciwon bai yi zurfi ba. Sai dai a yi ta maimaitawa bayan kwana biyu ko uku har mako uku ya wuce. Ko da wane magani aka yi, duk zomayen da suka zauna tare za a yi wa, a ƙone shimfiɗar keji, a wanke shi, a bar shi a rana. In da hali a bar shi ba kowa har mako uku.

CIWO NA BIYU: TOSHEWA DA MUGUNYA

Wannan kuwa kusan gadon mai kwantaccen kunne ne. Dauɗa ta taru, fata ta yi ja, ƙwayoyin cuta su shiga, mugunya ta biyo baya. Mugunyar zomo ba ruwa-ruwa ba ce kamar ta akuya. Kauri gare ta kamar cuku, ba ta tsiyayewa da kanta. Da ya ke ba hanya sama, sai ta tura fatar nan ta wurin ratar guringuntsi, wani ƙullutu ya fito a gindin kunne. In ba a kula ba ta fasa dodon kunne ta shiga ciki.

Hanyar ganewa ita ce a sa yatsa a shafa gindin kunnuwan biyu lokaci guda, a gwada wannan da wancan. In ɗaya ya fi tudu, ko zomon ya zabura da aka taɓa, ko an ji wari da aka ɗaga ganyen, to, akwai magana. Kada a zura gashin kaza, ko ashana da auduga. Ba abin da za su yi sai danna dauɗar can ƙasa. Bakin kunne kaɗai a ke sharewa da tsumma mai laushi. Wanke ciki aikin likita ne, shi ke da 'yar fitilar da a ke leƙa dodon kunne da ita. Ƙullutun da ya riƙa kuwa sau da yawa sai an yi aiki an cire shi.

CIWO NA UKU: NA CAN CIKI

A tuna da 'yar hanyar nan da ta haɗa bayan hanci da ɗakin bayan dodon kunne. Zomo na da wata mura mai naci, wadda a ke gane ta da atishawa, da farar majina, da jiƙewar gashin ƙafafun gaba saboda share hanci. Ƙwayar cutar da ta fi kawo ta Fasturela a ke ce da ita, sunan Louis Pasteur na Faransa aka sa mata, wanda ya yi bincike a kanta a jikin kaji a 1880. Ta wannan 'yar hanya ta kan haura ta cika ɗakin da mugunya, alhali kunne daga waje lafiya lau. Cunkoso, da warin fitsari cikin keji, da ƙurar hunturu, duk suna taimakonta.

In ciwon ya isa kunnen ciki sai a ga zomo ya karkatar da kai gefe guda, ido ɗaya na duban sama, ƙwayar idon tana rawa. Ya yi ta zagaye, ko ya riƙa birgima ya kasa tsayuwa. Wani kuma leɓensa na gefe ɗaya ya janye sama. Ba iska ba ce, ba kuwa sammu ba. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa da ita ma kan karkatar da kan zomo, likita ne zai rarrabe su. Zomon da ya kai haka kada a ɗiga masa kome a kunne, ko man gyaɗa, don watakila dodon kunnen ya fashe. A sa shi a kwali mai shimfiɗa, wuri mai inuwa, a kai shi asibiti ran nan. Mutanen Tudun Wada ba su da nisa da taimako, ga asibitin dabbobi na gwamnati cikin gari, ga kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

MAGUNGUNAN DA KE KASHE ZOMO

Sau da yawa ba ciwon ke kashe zomo ba, maganin ne. Cikinsa cike ya ke da waɗansu ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa. In aka fasa kafso irin na mutane, ampisilin ko amoksisilin da danginsu, aka ba shi ta baki ko cikin ruwan sha, sai ƙwayoyin nan su mutu, miyagu su yi yawa, zawo ya kama shi, cikin 'yan kwanaki ya tafi. Haka kuma maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fifronil, guba ne ga zomo. Baƙin mai na inji, da kananzir, da fiya-fiya, kada ko ɗaya ya kusanci kunnensa.

A kuma sani zomo gwanin ɓoye ciwo ne, don a daji wanda ya nuna rauni shi a ke fara kamawa. In ya takure a lungu, yana cizon haƙora, ya yini bai taɓa abinci ba, abin ya riga ya yi tsanani. Kada a ce bari a gani zuwa jibi.

RIGAKAFI

A ware rana ɗaya kowane mako, a ɗauki zomaye ɗai-ɗai, a leƙa kunne, a sansana, a shafa gindinsa. Aikin bai fi minti ɗaya ga kowane zomo ba.

Baƙon zomo a keɓe shi wata guda kafin ya haɗu da na gida. Aron namiji tsakanin maƙwabta, wanda a ke yi don zumunci, babbar hanya ce ta yaɗa ƙazuwar kunne. In ya zama dole, a duba kunnensa da hancinsa kafin ya shiga, a duba bayan ya dawo.

Keji ya kasance ƙarƙashin inuwa, inda iska ke ratsawa. Rufin kwano tsirara cikin bazara tanderu ne, a aza masa zana ko kara. Ruwan sha kada ya yanke. In zafi ya tsananta a shafa wa ganyen kunne jiƙaƙƙen tsumma ta waje, amma kada ruwa ya shiga ciki.

Sai kuma maganar ɗauka. A kasuwa da gida duk ta kunne a ke cafko zomo, yana reto yana harbin iska. Kunne ba mariƙi ba ne. Guringuntsin ya kan ɓaci, jijiyoyin su ji rauni, harbin nan kuma ya kan karya masa ƙashin baya. A kama fatar kafaɗa da hannu ɗaya, a tallafi gindi da ɗayan, a jawo shi jikin ƙirji. A koya wa yara haka tun yanzu, don su ne masu ba da abinci safe da yamma.

GA MAI NIYYAR SAYE

Wanda ke kiwo don nama da riba, mai tsayayyen kunne ya fi masa kwanciyar hankali. Kwantaccen kunne ba ya ƙara nauyin nama, ba ya ƙara yawan 'ya'ya, sai dai ya ƙara zirga-zirgar asibiti. Haɗa shi da na gida kuma ba gyaran iri ba ne, a kan sami 'ya'ya kunne ɗaya sama ɗaya ƙasa, lanƙwasar tana nan cikin jini.

Ɗan kasuwa mai sayar da su ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke gabansa, don wanda zomonsa ya mutu cikin wata biyu ba zai komo ba, zai kuwa gaya wa goma. Mai saye shi ma kada kunya ta hana shi ɗaga kunnen ya leƙa tun a gaban mai kaya. In an ga ɓawo, ko majina, ko kai a karkace, a bar shi ko da kyauta ne.

Wanda kuwa ya riga ya mallaki mai kwantaccen kunne, ba a ce ya rabu da shi ba. Amana ce ya ɗauka. Ya riƙa duba gindin kunnen nan kowane mako, ya kai shi a leƙa masa ciki lokaci-lokaci tun ciwo bai nuna ba, ya kuma yi tunani sosai kafin ya yawaita irin. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko ma'aikacin dabbobi na yankinsa. Allah ya sa albarka cikin kiwo.